Tallafa wa Falasɗinawa Masu Sana'o'in Amfanar Al'umma: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar an ambaci taimakon Falasɗinawa, buhunan fulawa da magunguna da tantuna ne ke fara zuwa zuciyar mai sauraro. Akwai wani ɓangare na taimakon da ba a cika jin labarinsa ba, wato ɗaukar nauyin mutanen da suka kafa sana'a domin magance wata matsala ta al'ummarsu, da haɗa su da jagorori, da samar musu da jari. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan fanni, tare da amsoshinsu.

Wane ne ake kira mai sana'ar amfanar al'umma?

Shi ne mutumin da ya ga wata damuwa ta addabi jama'arsa, ya kafa sana'a ko kamfani domin kawar da ita, kuma yana sayar da kaya ko aiki don sana'ar ta riƙe kanta. Yana neman riba, amma ribar tana komawa cikin aikin, kuma da yawan mutanen da suka amfana ake auna shi.

Misali ya fi bayani. Bayan yaƙin 2014 a Zirin Gaza, dubban gidaje sun rushe alhali siminti ba ya shiga sai da ƙyar. Wata matashiyar injiniya mai suna Majd Mashharawi ta yi ta gwaji har ta samar da bulo da ake haɗawa da toka, ta kira shi GreenCake. Daga baya, lokacin da wutar lantarki ta koma ta 'yan awanni a yini, ta kafa SunBox mai samar wa gidaje ƙananan na'urorin wutar hasken rana. A arewacin Gaɓar Yamma da Kogin Jodan kuwa, Nasser Abufarha ya kafa kamfanin Canaan a 2004 a yankin Jenin, yana sayen man zaitun daga ƙungiyoyin ƙananan manoma a farashi mai mutunci, yana kai shi kasuwannin Turai da Amurka. A sansanin 'yan gudun hijirar Falasɗinu na Burj al-Barajna da ke Beirut, wasu mata ƙarƙashin jagorancin Mariam Shaar sun kafa Soufra, sana'ar dafa abincin biki da taro, wadda ta kai har suka mallaki motar sayar da abinci.

Dukansu ukun ciniki suke yi, kuma a kowanne akwai wani rukuni na mutane da rayuwarsu za ta ƙara tsanani idan sana'ar ta mutu.

Ana fama da yunwa da rashin matsuguni. Ba agajin gaggawa ya kamata a fifita ba?

A wurin da mutane ke kwana da yunwa, abinci da ruwa da magani ne a gaba, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da haka. Sai dai Falasɗinawa sun shafe shekara fiye da 70 suna karɓar agaji. An kafa UNRWA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, tun 1949, kuma waɗanda ke rajista da ita a yau sun doshi miliyan 6. Agajin ya ceci rayuka, amma bai samar wa matashin da ya gama jami'a aikin yi ba. Tun kafin Oktoban 2023 rashin aikin yi a Gaza ya kai kusan kashi 45 cikin 100, a cikin al'ummar da kusan kowa ya iya karatu da rubutu.

Akwai kuma abin da aka gani da ido a lokacin yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023. Sa'ad da manyan motocin agaji suka maƙale a kan iyaka, mutanen cikin gari ne suka buɗe ɗakunan girki na unguwa, suka gyara rijiyoyi, suka tara yara a tantuna suna koya musu karatu. Waɗanda suka fi saurin yin haka su ne waɗanda da ma suna da ƙungiya ko sana'a, sun san jama'a, sun saba da lissafi. Saboda haka kuɗin da aka kashe wajen gina irin waɗannan mutane a lokacin sauƙi shi ne ya yi rana a lokacin tsanani.

Me ya sa yin sana'a a Falasɗinu ya bambanta da na sauran ƙasashe masu fama da talauci?

Wannan ita ce tambayar da duk mai son taimakawa ya kamata ya fara da ita, domin shirye-shirye da yawa sun lalace ne saboda an kwafo su daga wata ƙasa ba tare da an duba inda za a dasa su ba.

Abu na farko shi ne ƙasar a yayyanke take. Yarjejeniyar Oslo ta biyu ta 1995 ta raba Gaɓar Yamma gida uku, kuma yanki na uku, wanda ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, yana hannun Isra'ila gaba ɗaya. A nan ne mafi yawan filayen noma da kiwo suke, kuma da wuya Bafalasɗine ya sami izinin gini a ciki, ko da na ɗakin ajiya ne ko rijiya. Abin da aka gina ba izini ana iya rushe shi, har da wanda ƙasashen Turai suka biya kuɗinsa. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ayyukan jinƙai ya ƙirga shingaye da ƙofofi fiye da 800 a hanyoyin Gaɓar Yamma a 2025. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba daga Nablus zuwa Ramallah tana iya cinye rabin yini, mai sayar da cuku ko ganye kuwa ya san abin da rabin yini cikin rana yake yi wa kayansa. Gaza tana cikin ƙawanya tun 2007, gabashin Birnin Ƙudus kuma katanga da tsarin izinin shiga sun raba shi da sauran garuruwa.

Abu na biyu shi ne Falasɗinawa ba su da iko da iyakokinsu. Ba su da tashar jiragen ruwa, filin jirgin saman Gaza da aka buɗe a 1998 kuma bai yi nisa ba aka lalata shi. Kayan da za a fitar sai sun bi ta tashoshin Isra'ila kamar Ashdod da Haifa, ko ta gadar da ke kan iyaka da Jodan. A mashigin kasuwanci ana sauke kaya daga motar Falasɗinawa, a bincika, a sake loda su a wata motar, kuma kowane saukewa da lodi kuɗi ne da ɓata lokaci. Akwai kuma jerin kayan da Isra'ila ta ce ana iya amfani da su wajen yaƙi, wanda ya haɗa da wasu nau'o'in taki da sinadarai da na'urorin sadarwa, waɗanda ba sa shiga sai da izini na musamman.

Abu na uku shi ne kuɗi. Yarjejeniyar tattalin arziki ta Paris ta 1994 ta bar Falasɗinawa ba tare da kuɗin kansu ba, suna hulɗa da shekel na Isra'ila da dinarin Jodan da dalar Amurka. Isra'ila ce ke karɓar harajin kayan da ake shigo da su, ta miƙa wa Hukumar Falasɗinawa, kuma wannan haraji ya kai kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin shigarta. Duk lokacin da aka riƙe shi, ma'aikatan gwamnati sai su karɓi rabin albashi ko abin da ya ɗan fi haka, kasuwa kuma ta mutu. Bayan Oktoban 2023 an hana ma'aikata fiye da 100,000 da ke zuwa aiki Isra'ila shiga, wanda ya ƙara busar da aljihun masu saye.

Ko sadarwa ba ta tsira ba. Sai a Janairun 2018 kamfanonin wayar Falasɗinawa suka sami damar fara 3G a Gaɓar Yamma, Gaza kuwa aka bar ta a kan 2G.

Mene ne shirin ɗaukar nauyi, kuma me ake samu a cikinsa?

Shiri ne da ake zaɓar mutane kaɗan, a tsaya musu na wani wa'adi, daga 'yan watanni zuwa 'yan shekaru. Yawanci yana ƙunshe da alawus ko ƙaramin jari, da horo a kan lissafin kuɗi da doka da neman kasuwa, da jagora, da haɗuwa da sauran waɗanda aka zaɓa. Bambancinsa da gasar da ake ba da kyauta a watse shi ne ana tafiya tare da mutum har a ga inda ya kai.

Ƙungiyar Ashoka, wadda Bill Drayton ya kafa a 1980 kuma take da ofishin ƙasashen Larabawa a Alƙahira, ita ce ta yi fice da wannan salo, kuma tana iya biyan wanda ta zaɓa alawus har na shekara 3. Ƙungiyar Synergos ta gudanar da shiri irin wannan a ƙasashen Larabawa da suka haɗa da Falasɗinu. A cikin gida akwai BuildPalestine, wadda ta fara a 2016 da tara gudummawa ta intanet domin ayyukan al'umma, daga baya ta faɗaɗa zuwa horarwa da ɗaukar nauyin masu irin waɗannan ayyuka. Jami'o'i ma suna da nasu cibiyoyin renon sana'o'i, kamar An-Najah da ke Nablus da kuma Birzeit, Jami'ar Baitalami kuma tana da cibiya mai ɗauke da sunan Muhammad Yunus, ɗan Bangladash da ya sami lambar Nobel a 2006.

Me ya sa za a ba mutum alawus na kansa, maimakon a zuba kuɗin duka a cikin aikin?

Domin a farkon tafiya mutumin shi ne aikin. Matashiyar da ta ƙirƙiro hanyar tace ruwa tana da iyaye da ƙanne da ke jiran abin da za ta kawo, kuma a gida da yawa mai digiri ɗaya ne ke ɗauke da mutum bakwai ko takwas. Idan ba a ɗauke mata wannan nauyi ba, za ta karɓi aikin ofis a wata ƙungiyar ƙasashen waje da ke Ramallah, ko ta nemi hanyar zuwa Dubai ko Jamus, kuma ba wanda zai ga laifinta. Alawus yana saya mata lokacin da za ta zauna ta gwada, ta faɗi, ta gyara. Masu ba da tallafi da yawa sun fi son sayen injin da za a ɗauki hotonsa a sa a rahoto, amma inji ba ya tuƙa kansa.

Mene ne aikin jagora?

Jagora mutum ne da ya riga ya bi hanyar, yake ware lokaci a kai a kai ya saurari mai sana'a, ya duba lissafinsa, ya gaya masa gaskiya, ya kuma haɗa shi da mutanen da ba zai iya kaiwa gare su da kansa ba. Ya yi kama da ubangida a kasuwa wanda ke nuna wa yaronsa inda ake saro kaya da wanda ake ba bashi, sai dai shi jagora ba ya da iko a kan dukiyar, kuma shawarar ƙarshe ta mai sana'ar ce.

A Falasɗinu wannan aiki yana da nauyi na daban saboda killacewa. Matashi a Gaza zai iya kai shekara 30 bai taɓa fita daga zirin da tsawonsa bai wuce kilomita 41 ba, bai taɓa ganin baje kolin ƙasa da ƙasa ba, bai taɓa zama da mai saye daga waje ba. Cibiyar Gaza Sky Geeks, wadda ƙungiyar Mercy Corps ta kafa a 2011 da tallafin Google, ta daɗe tana kawo ƙwararru daga waje su koyar, wasu da ƙafarsu, wasu ta intanet. Falasɗinawan da ke zaune a ƙetare, daga Jodan da ƙasashen Tekun Fasha har zuwa Amurka da Chile, su ne babbar taskar jagorori, domin sun san harshen da al'adar, sun kuma san kasuwannin waje.

Jagoran da ya fi amfani shi ne wanda ya fara da tambaya. Wanda ya zo da shawarar a buɗe reshe a garuruwa biyar, bai san cewa tsakanin gari da gari akwai ƙofar ƙarfe da soja ke rufewa ba, zai ɓata wa mutum lokaci ne kawai.

Ana cewa horo ya yi yawa, jari ya yi kaɗan. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Taron bita yana da arha, yana da sauƙin ƙirgawa, kuma ba a asarar kuɗi a cikinsa yadda za a zargi wani. Shi ya sa ake samun matasan da suka tara takardun shaidar halartar bita da yawa, sun ƙware wajen gabatar da shirinsu a gaban alƙalan gasa, amma ba wanda ya taɓa ba su kuɗin sayen kayan aiki na wata shida. Shirin da ya horar da mutum ya sallame shi hannu rabbana bai gama aikinsa ba.

Waɗanne irin kuɗi ake bayarwa, kuma wanne ya dace da wa?

Akwai kyautar da ba a biya, wadda ta fi dacewa da matakin gwaji, lokacin da ba a san ko abin zai karɓu ba. Gidauniyar Taawon, wadda wasu attajirai da masana Falasɗinawa suka kafa a birnin Geneva a 1983, tana cikin manyan masu ba da irin wannan. Ƙungiyar Dalia, da aka kafa a 2007, ta ɗauki wata hanya dabam: tana tara abin da al'umma da 'yan ƙetare suka bayar, ta bar mutanen gari su zaɓi aikin da za a ba, bisa tsohuwar al'adar aikin gayya da manoman Falasɗinu ke yi a lokacin girbi da ginin gida. Ƙungiyar Alfanar kuma, wadda ta tsaya wa matan Soufra, tana haɗa kyautar kuɗi da taimakon gudanarwa na tsawon shekaru.

Akwai ƙaramin rance, wanda ya dace da sana'ar da ta riga ta fara ciniki. UNRWA ta fara nata shirin rancen a Gaza a 1991, cibiyar FATEN kuma tana cikin manyan masu ba da shi. Haɗarinsa a bayyane yake, domin wadda ta ci bashi ta gina rumfar noman tumatir, aka rufe hanya ko aka rushe rumfar, bashin yana nan a wuyanta. Masu gudun kuɗin ruwa suna da bankunan Musulunci a ƙasar da ke hulɗa ta hanyar murabaha, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka amince a kanta, da makamantanta.

Akwai zuba jari domin mallakar wani kaso na kamfani. Asusun Sadara, da aka kafa a 2011, da asusun Ibtikar da ke Ramallah suna yin haka, amma kamfanonin fasaha masu saurin girma suke nema. Ƙungiyar mata masu ɗinkin surfani ko masu sarrafa zaitun ba za ta ninka jari sau goma ba, ba kuma don haka aka kafa ta ba.

Giɓin da ya fi girma yana tsakiya. Sana'ar da ta wuce matakin kyautar dala dubu kaɗan, amma ba ta kai girman da banki zai kalle ta ba, nan ne da yawa suke mutuwa. Abin da take buƙata shi ne kuɗi mai haƙuri, wanda za a biya daga ciniki idan an samu, a ɗaga ƙafa idan an rufe gari.

Yaya kuɗin ke isa hannun mai shi?

Da wahala, kuma wannan matsala ta kashe ayyuka masu kyau fiye da yadda ake zato. Kamfanin PayPal mai tura kuɗi ta intanet ba ya hulɗa da Falasɗinawan Gaɓar Yamma da Gaza, duk da kiraye-kirayen da ake yi tun 2016, alhali 'yan kama-wuri-zauna na Isra'ila da ke zaune a ƙasa ɗaya da su suna amfani da shi. Matasan Najeriya masu aiki ta intanet sun san ɗacin wannan, domin su ma sun shafe shekaru ba sa iya karɓar kuɗi ta wannan hanya. Bankunan Turai da Amurka kan jinkirta ko su mayar da kuɗin da aka tura Falasɗinu saboda tsoron dokokin hana tallafa wa ta'addanci, ko da mai karɓar ba shi da wani tabo. Bankunan Falasɗinu kuma sun dogara da na Isra'ila wajen hada-hadar shekel, kuma izinin wannan hulɗa na ɗan wa'adi ne da ake sabuntawa, wani lokaci a ƙurarren lokaci.

A Gaza abin ya fi muni. A lokacin yaƙin rassan bankuna sun rushe ko sun rufe, an daina shigar da sabbin takardun kuɗi, har gyaran yagaggun takardu ya zama sana'a a bakin titi. A tsakiyar 2025 kafofin labarai sun ruwaito cewa dillalai na cire kusan kashi 40 cikin 100 kafin su ba mutum tsabar kuɗin da ke cikin asusunsa. Duk shirin da bai sa wannan a lissafinsa ba zai tarar da kuɗin da ya aika ya zaizaye a hanya.

Me ya sa wasu ƙungiyoyin Falasɗinawa ke ƙin karɓar tallafin waje?

Saboda sharuɗɗan da ke biye da shi. Tun farkon shekarun 2000 hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, ta wajabta sa hannu a takardar nisantar ta'addanci, Tarayyar Turai ma ta tsaurara nata sharaɗin a 2019. Ƙungiyoyi da dama sun ƙi sa hannu, suna cewa jerin sunayen ƙungiyoyin ta'addanci da ake dogara da shi ya haɗa da jam'iyyun siyasar ƙasarsu, kuma ana son a mai da su masu binciken jama'arsu. A Oktoban 2021 Isra'ila ta ayyana ƙungiyoyin farar hula 6 a matsayin na ta'addanci, ciki har da Al-Haq da Addameer, kuma ko da yake ƙasashen Turai da dama sun ce ba su ga hujja ba, tsoro ya riga ya shiga zukatan masu bayarwa.

Ga kuma rashin tabbas. Amurka ta dakatar da ayyukan USAID a yankin a farkon 2019, ta dawo da su a 2021, sannan aka rushe hukumar kanta a 2025. Wanda ya gina aikinsa a kan irin wannan kuɗi yana kwana ne bai san abin da zaɓen wata ƙasa zai jawo masa ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa sana'ar da ke da cinikin kanta take da daraja a idon Falasɗinawa, domin mai ciniki yana iya cewa a'a.

Doka ta tanadi rajista ta musamman ga irin waɗannan sana'o'i?

A'a. Mai sana'a yakan zaɓa ne tsakanin rajistar ƙungiyar jinƙai a ƙarƙashin dokar 2000, ko kamfanin da ba na neman riba ba, ko ƙungiyar gama kai, ko kamfani na yau da kullum, kuma kowanne yana buɗe wata ƙofa ya rufe wata. Sabuwar dokar kamfanoni ta 2021, wadda ta maye gurbin dokar Jodan ta 1964 da ake aiki da ita a Gaɓar Yamma, ta sauƙaƙa abubuwa, domin ta halatta kamfanin mutum ɗaya da rajistar sana'ar cikin gida. Mazauna gabashin Ƙudus suna ƙarƙashin dokokin Isra'ila, 'yan gudun hijira a Labanan kuma an hana su sana'o'i da yawa da mallakar gida. Shirin kirki yakan haɗa waɗanda ya zaɓa da lauya tun farko.

Ina matsayin mata a ciki?

Mata sun fi maza yawa a jami'o'in Falasɗinu, amma waɗanda ke cikin kasuwar aiki ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sana'o'in amfanar al'umma suna cikin 'yan ƙofofin da ke buɗe musu, musamman sarrafa abinci, da koyarwa, da aiki ta intanet, da ɗinkin surfanin gargajiya wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2021. Ƙananan abubuwa ne ke raba shirin da mata za su iya shiga da wanda ba za su iya ba: lokacin da ake zama, kuɗin mota, wurin ajiye yara, da ko sai an kwana a wani gari.

Bayan ɓarnar da aka yi a Gaza, akwai sauran abin da za a tallafa wa?

Akwai, amma kamanninsa sun canza. Jami'o'in zirin duk an rushe su ko an yi musu mummunar ɓarna, ofisoshi da masana'antu sun zama ɓaraguzai, an kashe malamai da injiniyoyi da 'yan kasuwa masu yawa, wasu kuma sun fita zuwa Masar. Duk da haka, a wurare kamar Deir al-Balah an buɗe ɗakunan aiki na haɗaka da ke amfani da hasken rana, inda mai rubuta manhaja ko mai fassara zai tako da ƙafa daga tantinsa, ya yi cajin kwamfuta, ya aika wa wanda ya ba shi aiki a ƙetare, ɗalibai kuma su rubuta jarrabawa ta intanet. Kujera ɗaya a irin wannan ɗaki tana iya ciyar da iyali guda.

Tallafin da ya dace da wannan hali shi ne wanda ba ya neman rasit na kowane shekel daga mutumin da aka kora daga gidansa sau da yawa, wanda ya yarda a sauya manufar kuɗi idan buƙata ta sauya, wanda kuma ya haɗa da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, domin mai jagorantar aikin shi ma ya binne nasa.

Za a iya ba da zakka a wannan fanni?

Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukunai takwas da ake ba zakka, kuma mafi yawan malamai sun sharɗanta a mallaka wa mabuƙaci abin da aka ba shi. Bisa haka, ba wa matalauci jari ko kayan sana'a ya zama nasa abu ne da malamai da dama suka halatta, amma biyan hayar ofis ko shirya taron bita da kuɗin zakka yana da magana. A mazhabar Malikiyya asali shi ne a raba zakka a inda aka fitar da ita, sai idan mutanen wani wuri sun fi tsananin buƙata. Sadaka da waƙafi da rance marar ruwa sun fi faɗi, kuma sun fi dacewa da yawancin waɗannan ayyuka. Wanda ke son fitar da zakkarsa ta wannan hanya ya kai wa malaminsa bayanin shirin dalla-dalla kafin ya aika.

Yaya mai taimakawa daga nesa zai bambanta na gaskiya da 'yan damfara?

Ya duba ko ƙungiyar tana da rajista da adireshi da sunayen shugabanni a fili, ko tana wallafa rahoton kuɗin da aka bincika, ko kuma ta nuna ayyukan da ta tallafa wa a baya da abin da ya same su, har da waɗanda suka faɗi. Ya tambayi wa ke zaɓar waɗanda ake ɗauka, domin idan babu Falasɗinawa a cikin masu yanke shawara, to da sake. Ya guji duk wanda ya turo hotunan gawawwaki a WhatsApp tare da lambar asusun mutum ɗaya yana cewa a yi sauri.

Taimako kuma bai tsaya ga kuɗi ba. Akanta ko lauya ko mai rubuta manhaja zai iya ba da awa ɗaya a mako ya zama jagora, kuma Bahaushen da ya iya Larabci yana da abin da Bature ba shi da shi a nan. Mai kamfani zai iya ba Bafalasɗine aikin zane ko fassara ya biya shi haƙƙinsa. Mai shago zai iya neman man zaitun ko dabinon Ariha ko sabulun Nablus daga ƙungiyoyin manoma, kamar yadda kamfanin Zaytoun ke yi a Birtaniya tun 2004, bayan ya tabbatar kayan ba daga matsugunan 'yan kama-wuri-zauna suka fito ba.

Da me ake auna nasarar irin wannan tallafi?

Ƙirga mahalarta bita ba ya nuna komai. Abin dubawa shi ne ko sana'ar tana raye bayan shekara biyu ko uku da ƙarewar shirin, mutum nawa take biya albashi a ƙarshen wata, kashi nawa na kuɗin tafiyar da ita ke fitowa daga ciniki, da kuma ko manomi ko mai ɗinkin da aka kafa ta dominsu sun ga bambanci a aljihunsu. Dole kuma a raba faɗuwar da rashin iya gudanarwa ya jawo da wadda bam ko rufe hanya ya jawo. Ƙungiyar manoman da ta yi komai daidai, amma aka hana ta isa gonakinta a watannin Oktoba da Nuwamba lokacin tsinkar zaitun, za ta nuna asara a littafinta na wannan shekara, kuma mai ba da tallafin da ya san ƙasar zai sabunta mata wa'adi ya tambaye ta abin da take buƙata kafin kaka mai zuwa.